Sunan Barau a Littafin Dakta

Barau na tsugune a gindin rumbu yana ɗinke bakin buhun wake, sai babur ya tsaya a ƙofar gida, ba a ko kashe shi ba.

"Barau! Fito, ana nemanka."

Muryar Hashimu ce, ɗaya daga cikin 'yan sa-kan unguwa. Tare suka yi firamare, kullum suka haɗu sai Hashimu ya tsokane shi da zancen sanƙonsa. Yau ko gaisuwa babu. Bindiga ƙirar gida na rataye a bayansa.

"Lafiya dai?"

"An tare maƙwabcinka a hanyar Safana. An samu littafi a jakarsa, sunanka na ciki. Hau."

Zuwairatu, matar Barau, ta leƙo daga zaure da ludayi a hannu, 'yarsu Mahfuza da ƙannenta biyu suna bayanta. Barau ya ce ta shiga da yara, ta sa sakata. Da ya hau babur ne ya ga basillar ɗinkin na hannunsa har yanzu.

Shekarun ne da gonar nesa ta gagari kowa a ƙasar Batsari. Ba dajin kaɗai ake tsoro ba. An fi tsoron infoma, mutumin cikin gari da ke kai wa ɓarayin daji labarin wanda ya sayar da sa da wanda ɗansa ke aiki a birni. Duk wanda aka liƙa wa wannan suna, ba ya kai ga alƙali.

Maƙwabcin kuwa shi ne Dakta Armaya'u, malamin jami'a, wanda ya kama hayar gidan da ke jikin na Barau wata takwas da suka wuce. Iyalinsa na Katsina. Aikinsa ƙirga: yadda mutanen dā suke lissafa dami da dabbobi da shekaru. Da hantsi za ka gan shi a zaure da tulin takardun jarrabawar ɗalibai da jan biro, yana mita cewa wuta ba ta zo ba, kwamfuta ta mutu, wata mujalla kuma ta dawo masa da rubutunsa karo na biyu. Da la'asar ya ɗaure jaka a babur ya nufi Wagini ko Darini wurin tsofaffi, da goro da sukari. Barau ya taɓa ce masa, "Dakta, wai gwamnati ke biyanka ka koyi ƙirga? Ai Mahfuza 'yar aji uku ta iya." Dakta ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya bi Barau har zaurensa ya tambaye shi yadda mahaifinsa ke ƙirga damman gero. Hirar awa ɗaya ce, Barau bai ƙara tuna ta ba.

A gindin wata tsamiya, bakin wani ƙauye, mutane sun fi hamsin. Da suka ba da hanya, Barau ya ga Dakta kwance a gefensa ɗaya, farar rigarsa ta rine, hannu ɗaya a karye ta inda hannu ba ya lanƙwasuwa. Numfashinsa na fita da ƙara. Barau ya yi salati.

An riga an kawo mutum biyu: Inna Tasalla, tsohuwa mai daddawa wadda ba ta gani sosai, da Baba Yohanna na Darini, yana dogare da sanda. Aka tura Barau kusa da su.

Muntaka, wanda ya yi sakandare, shi ke riƙe da littafin. Ya ɗaga shi sama. "Ga shi da Turanci a saman shafi, da hannunsa ya rubuta. Infoma. Ga suna, ga gari, ga shekaru. Mutum goma sha ɗaya. Barau, kai ne na bakwai."

"Ka san shi?" in ji Hashimu.

Barau ya tuna yaransa uku a bayan sakata ɗaya.

"Haya yake yi," ya ce. "Ban san shi sosai ba. Gaisuwa ce kawai."

Idon Dakta ɗaya ne ke buɗuwa. Da shi ya dubi Barau.

Muntaka ya juya shafi. "Ku saurara. Tasalla, hauya uku. Wace hauya? Tsohuwa za ta yi noma? Bindiga ke nan. Ga na Yohanna: zango biyu. Ya gaya masa inda zangon ɓarayi yake a daji, guda biyu!"

Hayaniya ta tashi. Wani ya ɗaga gora. A cikin hayaniyar ne aka ji wata murya daga ƙasa, siririya, irin ta malamin da ɗalibi ya yi kuskure a gabansa.

"Zangu."

Na kusa suka juyo.

"Zangu ne," Dakta ya ce, jini na bin gefen bakinsa. "Duba da kyau. Wasalin u ne."

Barau ya ji kalmar ta daki ƙirjinsa. Mahaifinsa ne ya faɗo masa a rai, tsaye a kan rumbu yana karɓar dami. Bai san lokacin da ya yi magana ba.

"Zangu ɗari ne."

"Me ka ce?" in ji Hashimu.

"Ɗari ne, Hashimu! Zangu biyu, ɗari biyu. Babanka ma haka yake faɗi, ka manta? Karanta nawa, Muntaka. Karanta na bakwai mana."

Muntaka ya bi layin da yatsa. "Barau. Ashirin gaira biyu."

"Sha takwas ke nan. Ashirin ba biyu. Damman da muka samu shekarar fari, ni na gaya masa, a zaurena, ya sha furar gidana." Ya juya ya dubi Hashimu. "Ƙarya na yi ɗazu. Na san shi. Maƙwabcina ne."

Inna Tasalla ta juyo da fuskarta inda take jin muryar Muntaka. "Kai ɗan wa ne? Mi kuka ce hauya? Hauya ashirin ta, ɗan nema. Hauya ukku, sittin. Tulun daddawata ya tambaya nawa shika ci, na faɗa mai. Shi wanga yaro har ƙafata ya kai asibiti. Mi kuka yi mai?"

"To wannan kalma ta sama fa?" Hashimu ya ce, amma ƙarfin muryarsa ya ragu.

Baba Yohanna ne ya amsa. "Ya taɓa faɗa mani. Ya ce a makarantarsu, duk tsohon da ya ba su ilimi, sunan da Turawa suka sa mai ke nan. Na ce mai, ɗana, canza suna, zamanin ya ɓaci. Ya ce zai goge, ya sa malamai."

Muntaka ya sake duban shafin. Ya juya na gaba, da na gaba. Duk lissafi ne: yadda makiyayi ke ƙin faɗar yawan shanunsa, yadda uwa ba ta ƙirga 'ya'yanta da baki, zanen yatsu da gaɓoɓinsu. Littafin ya yi masa nauyi a hannu, ya rasa wanda zai miƙa wa. Ta bayan taron mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Mai gorar nan ya jingine ta da tsamiya kamar ba tasa ba.

Barau ya durƙusa ya ɗora kan Dakta a cinyarsa. "Ku kawo mota! Hashimu, don Allah, mota!"

Babu mota a ƙauyen. Aka ce a jira ta kasuwa. Barau ya yi ta faɗa masa, "Dakta, ka yafe ni. Dakta, ka ji?" Leɓɓan Dakta suka motsa, Barau ya kai kunne. Kalmar shahada ce yake ja a hankali, ya kai ƙarshenta. Kafin motar kasuwa ta iso, Baba Yohanna ya cire hularsa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Hashimu, ya zauna daɓas a ƙasa, bindigar na tokare da bayansa.

Bayan azahar suka iso da shi gida. Liman ya ce a yi masa wanka a nan kafin 'yan'uwansa su ƙaraso daga Katsina. Zuwairatu ta tari Barau a ƙofa tana duban rigarsa.

"Malam, jinin wa ne?"

"Ɗora ruwa," ya ce. "Ki ba ni sabon sabulu."

Ya ciro makulli daga aljihun mamacin ya buɗe gidan, don ya ɗauko tabarma. Tsakar gidan a share take. A inuwar katanga akwai tabarma shimfiɗe, a kanta kofin shayi da aka sha rabi, da waken da Dakta ke gwada ƙirga da shi, an kasa shi ƙananan kashi-kashi a jere, layi huɗu, na biyar ba a gama ba. Wata kazar maƙwabta ta shigo ta rariya tana tsattsagar na bakin layi.

Liman ya yi kira daga waje, "Malam Barau, tabarmar fa?"

Barau na tsaye, makullin a hannunsa. Kazar ta gama da kashi ɗaya, ta matsa na kusa da shi.