Angon Kwabo

Jiya da dare mafarki ya ɗauke ni ya ajiye a wani gari inda ruwan sama ke tsirowa daga ƙasa ya nufi gajimare, mutane kuwa suna taka lema don kada ƙafarsu ta jiƙe. Ina tsaye a layi a ƙofar wani ofis, ƙanena Sallau yana bayana. Kowannenmu yana riƙe da kwabo mai huji da hoton tauraro, irin na zamanin Turawa. Mahaifinmu ne ya ba mu kafin ya rasu, iri ɗaya, bugun shekara ɗaya. Wannan kam ko a farke haka yake.

Ofishin na duba lafiyar tsofaffin kuɗi ne. Dokar garin ita ce 'yan'uwa su kawo abin da suka gada, wanda nasa ya fi lafiya shi ne babba. Ban damu ba. Kafin in fito na sa toka da lemun tsami na dirje nawa har yana ɗaukar ido, kamar yadda ake yi wa tire in za a yi baƙi. Na Sallau kuwa ya yi duhu, domin tun ranar da aka ba shi ya jefa a gwangwani ya manta.

Mai dubawar kuwa bunsuru ne, da tabarau, da biro a bayan kunne. Ya karɓi nawa, ya shinshina, ya lasa, ya yamutsa fuska.

"Wa ya yi masa wanka?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka kankare masa shekarunsa. Ina tsinin tauraron? Ina rubutun larabcin?"

Na ce masa kwabon nan ya yi aiki ne. Duk jaririn da cibiyarsa ta turo a unguwarmu, shi ake ara a ɗaure masa a ciki da tsumma. 'Ya'yana sun sha shi, na maƙwabta sun sha, har da ɗan farin Sallau ɗin nan.

"To ai shi ya sa," in ji bunsurun. "A nan daga ango ake farawa, sai magidanci, sai dattijo, sai gawa. Naka gawa ce. Amma an yi mata wanka mai kyau."

Da aka zo kan na Sallau sai da ya sa safa a kofato kafin ya taɓa. Ya ɗaga shi sama, idonsa ya kawo ruwa.

"Ango! Hannu bai taɓa cinsa ba."

Sai ga mu a tsakar gidanmu. Inna tana rabon nama, ko kallona ba ta yi ba.

"Nomau, tashi ka ba yayanka kujera."

Na tashi. Furfurar gemuna ta sauko ta bi hannuna, ta ratsa tabarma a layi kamar tururuwa, ta hau haɓar Sallau ta zauna. Ta yi masa kyau, kuma wannan ne ya fi ci min rai. Aka miƙa masa kwano ya fara zaɓa. Ya ɗauki hanta, wadda tun muna yara tawa ce. Na durƙusa na ce, "Sannu da hutawa, Yaya," kalmar ta fito da ɗacin maɗaci.

Na koma gindin randa ina tunani. Ashe abin da bai taɓa amfanar kowa ba shi ne mai daraja, wanda ya ƙare a hidimar jama'a kuwa gawa? Sai wata tambaya ta bi bayanta, wadda ban gayyata ba: da a ce nawa ne angon, da na ga aibin dokar?

Bunsurun ya leƙo daga cikin randar, ruwa na ɗiga daga gemunsa yana yin sama.

"Ƙarzane ɗaya mai zurfi ya isa ya mayar da ango gawa," ya ce. "In duka biyun gawa ne, ga shekarun haihuwa ake komawa. Ni dai ban ce komai ba." Ya nutse.

Sallau ya taso yana naɗe hannun riga.

"Ƙanena, riƙe min wannan in yi alwala. Kar ka ba kowa. Kai kaɗai na yarda da hannunka."

Ya sa min angon a tafi, ya juya baya ya tsuguna da buta. Kwabon yana da ɗumi kamar ƙwan da aka ɗauko yanzu. Bai yi min laifin komai ba, mai shi ma haka. Na dubi babban yatsana, na ga farcen ya zama ƙusa. Na ce a raina zan ɗora ne kawai in ji yadda tauraron yake. Na ɗora. Sai na ji ƙarrr, ƙarrr, ƙarrr.

Na buɗe ido. Matata Kande ce a bakin murhu take kankare ƙanzon tukunya da cokali. Daga zaure na ji muryar Sallau.

"Yaya, ka tashi kuwa?"

Na duba gemuna, furfurar tana nan. Sai da na dunƙule babban yatsana cikin tafi kafin na amsa.