Sakata a Ɓarin Manila

Shekara talatin da ɗaya ke nan Delfin yana ƙera wuƙaƙe, Perto yana sayarwa a rumfarsa ta bakin titin Taal. Delfin ne ya riƙe masa 'yarsa ranar baftisma, tun daga lokacin suke kiran juna pare, wato amini. Amma yau mako uku ko wuƙa ɗaya ba ta zo rumfa ba, kuma har sau biyu an ga wata farar mota daga Manila a ƙofar maƙerar Delfin. Idan maƙerin ya koma wa wani, rumfar Perto ta mutu.

Ranar Talata da hantsi sai ga Delfin a kan babur. Ko inji bai kashe ba. Ya miƙo wani abu naɗe cikin jarida, ya ce, "Taka ce, pare," ya ja babur. Da Perto ya warware ya ga wuƙa ce, ya zaro kwandala daga aljihu ya bi shi yana kira. Delfin ya waiwayo, Perto zai iya rantsewa ya waiwayo, amma bai tsaya ba.

Kowa a garin ya san ba a ba mutum wuƙa a tafi haka nan. Dole mai bayarwa ya karɓi kwandala, ko ta peso ɗaya ce, don kyautar ta zama ciniki. In ba haka ba, wuƙar tana yanke abin da ke tsakani. Mutumin da ya yi furfura a maƙera ba zai mance wannan ba.

Perto ya zauna yana jujjuya ta. Balisong ce, mai ƙota ɓari biyu da ke rufe kaifi a tsakiya, amma bai taɓa ganin Delfin ya yi irinta ba. Siririya, ƙotar baƙin katako da aka dasa wa ƙashin doki fari tas, bakinta da tagulla. Ya ji haushin yadda ta burge shi. Ya zare sakatar da ke kulle ɓarin biyu, ya wulwula wuƙar kamar yadda yake yi wa masu saye, sai kaifin ya sauka a bayan yatsunsa biyu.

Matarsa Saling ta leƙo daga bayan rumfa. "Kai kuma? Shekara talatin kana wasa da wuƙa, sai yau ta gane ka?"

"Dubi inda Delfin ya sa sakata," in ji Perto. A nan lardinsu na Batangas, ɓarin da ke da sakata shi ne na kaifi, hannu da kansa yake guje masa. Mutanen Manila ne ke sa ta a ɗaya ɓarin. "Ya san hannuna. Da gangan ya yi."

"Ko kuwa tsufa. Ku biyun ai ba ku ganin gabanku." Ta ɗaure masa yatsun da tsumma, ta ɗauki wuƙar ta duba. "Amma fa ta yi kyau."

"Ƙusoshinta suna rawa. Kuma ta cika nauyi a gindi."

"To ajiye ta mana."

Bai ajiye ba. Wuni guda tana hannunsa.

Washegari ya tafi maƙera. Ya tarar da Delfin yana yanka tsohon sifirin ɗin mota. A kusurwa akwai akwati da aka lulluɓe da buhu, kuma Perto ya lura Delfin ya gyara tsayuwa ya kare shi.

"Pare, me ya sami yatsunka?"

"Ka fi ni sani." Perto ya ɗora wuƙar a kan uwar maƙera, ya ajiye kwandala kusa da ita. "Ka yi mantuwa jiya."

Delfin ya dubi kwandalar, bai taɓa ta ba. Ya zuba baƙin kofi a kofuna biyu, ya daɗe yana hura nasa.

"Ban manta ba," ya ce. "Mutumin Manila yana son duk abin da na ƙera, shi kaɗai. Na kasa faɗa maka da baki, sai na ce bari wuƙar ta faɗa. Ita ce samfurin da ya zana mini. Ban tuna da hannunka ba, wannan kam ka yafe ni."

"Ka sa hannu a takarda?"

"Sai Jumma'a."

Perto ya ɗauki wuƙar, ya riƙe ɓarin da ya dace a hankali kamar sabon koyo. "Shi ya ce ka rage kaurin ƙusa?"

"Shi. Wai ta fi kyau a hoto."

"Wata uku za ta saki baki. Sakatar nan kuma tana dukan tsini duk rufewa. Sunan wa za a zaga, nasa ko naka?" Ya shafa ƙashin dokin da babban yatsa. "Amma, tsoho, ba ka taɓa yin mai kyanta ba. Abin da ya hana ni barci ke nan. Ashe kana da wannan a hannu, ni kake kawo wa na yankan mangwaro?"

Delfin ya kwashe da dariya har kofi ya zubo masa. "Kai da kake cewa masu saye ba sa son ado!"

"To na canza magana. Yi mini ita da ƙusa mai kauri, sakata a inda kakanka yake sa ta."

Delfin ya sosa ƙeya. Can ya tura kwandalar aljihu da yatsa ɗaya, kamar mai ɗaukar garwashi.

"Zan ce masa rabi da rabi. In ya ƙi, ya nemi wani. Asabar za ka ga wuƙa shida."

"Asabar ta wannan makon?"

"Haba, pare."

Perto ya shanye kofinsa ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya, ya nuna kusurwa da leɓe. "Me ke ƙarƙashin buhun can?"

"Kyanwa ce ta haihu."

Perto ya san wuƙaƙen mutumin Manila ne, ya koma ciki ya ɗaga buhun da kansa.