Wasiƙun Janar Umara

Malam Sha'aban yana zaune a zauren gidansa da ke bayan kasuwar Azare, wata mota ta tsaya a ƙofa. Idanunsa sun yi yana, inuwa kawai ya gani ta durƙusa a gefen tabarma.

"Baba, ina wuni? Sunana Meram, 'yar marigayi Janar Umara ce. Daga Abuja nake."

Tsohon ya gyara zama. Shekara biyu da rabi ya yi yana dogarin mahaifinta a yaƙin basasa, lokacin Umara yana kanar, shi kuma yana saurayi ɗan Chinade da ya gama firamare ya shiga soja. Shi ke riƙe masa taswira, shi ke kai saƙo bakin daga, shi ke dafa masa shayi.

"Meram mai tsoron zakara?" ya tambaya.

Ta yi dariya. Ta ce bayan rasuwar mahaifinta bara, ta haɗa takardunsa da wasiƙun da ya riƙa aiko mata daga fagen yaƙi tana 'yar shekara bakwai. Sai ta ga rubutun ba ɗaya ba ne.

"Baba, wa ya rubuta su?"



"Ni ne, Hajiya. A daminar 1968 muna hanyar wata gada a gabas, bam ya faɗi gaban motarmu. Direbanmu Talha nan take ya cika. Maigida kuma ƙarfe ya shige masa hannun dama. Ciwon ya warke, amma hannun ya riƙa karkarwa, ko alƙalami ba ya iya riƙewa. Ya ce in manya suka ji, gida za su mayar da shi, su kawo wa sojojinsa wanda bai san su ba. To, sai na zama hannunsa. Ya faɗa, in rubuta, ya sa hannu da ƙyar."

"Labarin akuyar da ta cinye hular saja fa? Da zanen jirgin ruwa?"

"Maigida ba mai yawan magana ba ne. Abin da yakan ce shi ne, 'Ina lafiya, ki yi karatu, ki bi mahaifiyarki.' Ni kuma in dubi takarda, fili ya rage da yawa. Ina da ƙanwa sa'arki a Chinade, na san abin da ke sa yarinya dariya. Sai in ƙara."

Wasiƙun nan su ne kaɗai wurin da Meram ta taɓa jin mahaifinta yana wasa.

"Ke nan bai ma san abin da ke ciki ba," ta ce a hankali.

"A'a, ya sani. Ba a liƙe ambulan sai na karanta masa. Ranar farko na ɗauka zai hukunta ni. Ya saurara har ƙarshe, ya juya baya ya ce, 'Bar shi haka, Kofur. Abin da nake son faɗa ke nan.' Daga baya shi da kansa yakan ce, 'Ka ga biran nan a kan bishiya? Sa wa Meram.'"

Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka. Bai hana ta ba. Da ta natsu, ya sa aka kawo mata fura da nono, suka yi ta hira har la'asar.

Ta so ta tafi da shi Abuja a duba idanun. Ya ce shi tafiyarsa ta ƙare tun 1970. Sai ta kwana uku a Azare, aka yi masa aiki a babban asibiti. Ido ɗaya ya buɗe, ɗayan bai yi ba. Ranar da za ta koma, ya raka ta har bakin titi ba sanda, yana nuna wa direbanta inda zai kauce wa cunkoson 'yan acaɓa.