Rabin Ɗawisu

"Na gama nawa," in ji Gwaggo Allura. Ta turo littafin tsakiyar tebur tana karkaɗe ɓarɓashin fensir daga cinyarta. "Ku yara da idonku garau kuna nan kuna jan ƙafa."

Mai Kwarashi, maƙwabciyarta mai saƙa, ta leƙa don ta yaba kamar yadda aka saba, sai gabanta ya yanke ya faɗi. Hoton ɗawisu ne a shafin, ya baza jela. Gefen dama ya sha shuɗi da kore da ruwan zinariya, gashi bayan gashi, ko ɗigo bai tsallake layi ba. Gefen hagu kuwa fari fat, kamar an sa wuƙa an raba tsuntsun biyu.

Ba ta san lokacin da ta kifa tafin hannunta a kan shafin ba. Tela da sauran matan suna can suna gardamar wanda ya ɓatar da abin fiƙe fensir, ba su ga komai ba.

Duk ranar Alhamis da la'asar haka suke taruwa a falon Gwaggo, su biyar, masu sana'ar hannu na layin. Kowacce ta bar kekenta na ɗinki da zarenta a gida, su zauna sa'a guda suna cika wa hotuna launi a irin littattafan nan da ake bugawa don manya. Auta, 'yar Gwaggo da ke aikin ofis a wani gari, ita ta fara kawo wa uwarta, bayan likita ya ce ta ajiye allura saboda hawan jini. Da farko sun yi mata dariya, wai tsohuwa ta koma aji ɗaya. Ba a yi wata biyu ba kowacce ta sayi nata. Aiki ne da ba mai jira, ba mai dawo da shi ya ce hannu ya matse.

Gwaggo kuwa shekara arba'in ta yi tana ɗinkin ado a kan riguna, kuma da fensir ɗin ma ɗinki take yi: gajerun layuka a jere, a hankali, kamar ba ta taɓa takardar. Tana da wata ɗabi'a mai ban haushi. Duk abin da aka miƙa mata, yadi ne ko takarda, sai ta juya bayansa ta shafa. "Gaba na mai saye ne," takan ce, "baya shi ne na mai aiki." Ta sha yi wa Mai Kwarashi tsiya a kan haka. "Ke wannan hannu naki, fensir kike riƙewa ko taɓarya? Dubi yadda kika kumbura bayan takarda."

Sai da matan suka watse Mai Kwarashi ta ɗage hannunta. Ita ce ƙofarta ke kallon ta Gwaggo a saman bene, taku huɗu tsakaninsu, ita ke riƙe da mukullin ko-ta-kwana.

"Gwaggo, dubi nan."

"Na duba. Ya yi kyau mana."

"Nan, Gwaggo. Nan gefen."

Ta kama yatsan tsohuwar ta ja shi zuwa hagu a hankali. Gwaggo ta bi yatsan da ido, sannan da kai gaba ɗaya, kamar mai leƙen lungu. Ta daɗe tana kallon farin.

"Wa ya goge?"

"Ba wanda ya goge."

Mai Kwarashi ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ba jini ta gani ba, ba faɗuwa ba, mutum ce zaune lafiya lau da tabarau a hanci, amma rabin duniya ya ɓace mata ba ta sani ba.

"Bari in kira Auta."

Gwaggo ta cafke mata wuyan hannu. "Kul! Kin ji abin da ta ce da kunnenki. Ranar da ta ga alamar na kasa, ranar za ta kwashe ni. Ta kai ni hawa na bakwai ta kulle, daga ni sai talabijin. A ɗakin nan aka kawo ni, a nan na yi wa ubanta jinya. Gajiya ce kawai, 'yar nan. Kwana biyu kaina na sarawa."

"To jibi fa? Asabar ce, kin san sai ta duba littafin."

"Shi ya sa Allah ya ba ni ke." Ta tura mata gwangwanin fensira. "Ko kin manta dokarmu?"

Ina za ta manta? Gwaggo ce ta kafa dokar tun kafin a san da wani littafi: in ciwo ya kama ɗayarsu da aiki a hannu, sauran su ƙarasa mata, kuma ba mai ji. Shekarar da mijin Mai Kwarashi ya rasu, ta yi wata guda ba ta iya ɗaga zare ba. Gwaggo da Tela ne suka kwashe rigunan jarirai goma sha biyu da ta bari a rabi, suka dawo mata da su a ninke, har yau ba wanda ya ɗaga zancen. Wanda ya rufa maka asiri a ranar kuka, da wane baki za ka ce masa a'a?

Ta ɗauki littafin ta tsallaka ɗakinta. Washegari tun da hantsi ta zauna bakin taga tana kwaikwayon hannun Gwaggo, gajerun layuka a jere. Sau uku fensir yana karye mata. Da ta gama ta ɗaga shafin daga nesa, wallahi ko ita ba ta iya nuna inda aka haɗa ba. Maimakon ta ji daɗi, sai ta rufe littafin da sauri.

Ranar Asabar Auta ta zo da ledojin cefane, waya manne a kunne. Ta rungumi uwarta, ta duba kwalaben magani, ta buɗe littafin da hannu ɗaya tana ce wa na cikin wayar ya dakata.

"Kai, Inna! Wannan ɗawisu kamar ya tashi. Yaya, kin ga aikin tsohuwata? Wa ya ce hannu ya tsufa?"

"Na gani," in ji Mai Kwarashi daga bakin ƙofa, muryarta kamar ta aro.

Gwaggo ta kashe mata ido ɗaya.

Daga ranar ta daina samun sukuni. Kullum da safe sai ta tsaya bayan ƙofarta tana kasa kunne, har ta ji rediyon Gwaggo ya kama, sannan ta iya haɗiye shayi. Ga abubuwa suna ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ranar Litinin ta tarar da faranti an cinye gefe guda tas, ɗaya gefen ko cokali bai taɓa ba, Gwaggo na mitar wai abincin ya yi kaɗan. Ranar Talata ɗan kunne ɗaya ne a kunnenta. Ranar Laraba ta bugi ƙyauren kicin da kafaɗar hagu, ta juya tana zagin wanda ya matsar da ƙofa.

"Gwaggo, don Allah mu je asibiti. Ni da ke kawai, ba sai Auta ta ji ba."

"Asibitin da lambarta ce a katina? Kafin mu zauna sun kira ta. Ke dai akwai ki da tsoro kamar farar kura. Ungo, ga kifaye nan sun tsaya a rabi."

Ta karɓa. Ta cika kifayen, ta cika wata tukunyar furanni. Tana yi tana ce wa ranta wannan ne na ƙarshe. Sau biyu ta nemo lambar Auta a waya, ta kalle ta, ta kife wayar. Ranar Alhamis Tela ta dube ta ta ce, "Ke lafiya? Kin yi zuru-zuru kamar wadda ta ci bashin barci." Ta ce ciwon baya ne. A ranar ta yanke shawara: Asabar in Auta ta zo, za ta tare ta a matakala ta faɗa mata komai, Gwaggo ta yi fushin ta gama.

Ranar Juma'a rediyo bai kama ba.

Ta jira har ƙarfe takwas. Ta ce ko batir ne. Takwas da rabi ta fita ta ƙwanƙwasa, ta kira, ta sake kira. Mukullin ya faɗi daga hannunta sau biyu kafin ya shiga.

Gwaggo na kan kujerarta ta bakin taga, ta karkace gefe, littafin a cinyarta, koren fensir a ƙasa. Idonta a buɗe, bakinta ya ja gefe guda, tana wani irin numfashi mai kama da minshari. Mai Kwarashi ta kwarma ihun da ya fito da mutanen bene gaba ɗaya. Maza biyu suka sauko da tsohuwar a kan kujerar, wani maƙwabci ya kawo mota. Duk hanya tana riƙe da hannun hagun Gwaggo, hannun kamar tsumma, tana cewa, "Gwaggo, ni ce. Gwaggo, ki yafe ni," ba ta ma san me take roƙo ba.

Auta ta iso asibitin da azahar, takalmin ofis a ƙafa. Likita ya tsayar da su a baranda ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, babba.

"Kafin yau ba ku ga wata alama ba? Wani lokaci yakan fara da ƙarami. Mantuwa, ko karo da abubuwa, ko gani ya ragu ta gefe ɗaya?"

"Ko ɗaya, likita," in ji Auta tana kuka. "Asabar ɗin nan na zo. Ɗawisu guda ta cika da hannunta, ko kuskure babu. Ko ba haka ba, Yaya?"

Mai Kwarashi ta kau da ido daga Auta. Ta sunkuyar da kai, su kuma suka ɗauka amsa ce.

Kafin rana ta faɗi Gwaggo Allura ta cika.

Kwana uku ana shiga ana fita a falon. Mai Kwarashi ta yi hidima kamar za ta kashe kanta, wanke-wanke, shara, tarbar baƙi, mutane na cewa Allah ya ba kowa maƙwabciya irin wannan. Kowace addu'a sai ta ji kamar mari. Ga littafin can kan kabad inda wani ya ɗora shi. Ta sha yin niyyar ɗauke shi ta ɓoye, ƙafarta ta ƙi zuwa wurin.

A rana ta huɗu da hantsi, gida ya yi shiru, Auta ta leƙo ta kira ta. Tana zaune a teburin Alhamis, kwalaye kewaye da ita, littafin a gabanta.

"Yaya, zauna. So nake in cire na ƙarshen nan in sa su a gilashi. Taya ni zaɓa."

Mai Kwarashi ta zauna a bakin kujera. Auta ta buɗe ɗawisun, ta yi murmushi, ta sa reza ta yanke shafin a hankali. Sannan, ba tare da tunani ba, kamar yadda mahaifiyarta ke yi, ta juya bayansa ta shafa.

Hannunta ya tsaya.

Rabin takardar sumul yake kamar ba a taɓa shi ba. Ɗaya rabin duk ya yi ruɗu-ruɗu, kowane layi ya fito ana jin sa a yatsa. Ta sake shafawa daga wannan gefe zuwa wancan. Ta buɗe kifayen ta juya. Ta buɗe tukunyar furanni ta juya. Ba ta ɗago ba.

"Inna ba ta danna fensir," ta ce a hankali.

"Ba ta dannawa."

"Tun yaushe?"

"Kwana takwas kafin ranar." Mai Kwarashi ta dubi ƙasa. "Ba ta ganin gefen hagu. Ta roƙe ni kar ki sani, ta ce za ki ɗauke ta. Na so in faɗa miki ranar Asabar, wallahi na so. Da likita ya tambaya ma tsoro ne ya kama ni. Ki yi mini duk abin da kika ga dama."

Ta jira ihu, ta jira zagi, har ta fi son a yi mata. Auta ta ci gaba da kallon shafin. Hawaye kawai ke sauka a kan rigarta, yatsunta na kan takardar.

"Ranar nan ina waya," ta ce daga baya. "Tun ina 'yar shekara shida take buge mini hannu in ban juya aiki ba. Ranar ban juya ba."

A ƙasa wani yana ta fama da mota ta ƙi tashi.

Auta ta share fuska ta buɗe shafin ƙarshe, wanda ke cinyar Gwaggo ranar Juma'a. Bishiya ce mai tsuntsaye. Ganyen dama sun sha kore, gajerun layuka a jere, tsuntsu ɗaya ma an fara yi masa jan ƙirji. Hagu babu komai sai baƙin layin bugu. Gwangwanin fensira na nan a tsakiyar tebur, kuma hannun Mai Kwarashi, don sabo, har ya miƙa wajensa.

Auta ta ɗora nata hannun a kai.

"Bar shi, Yaya. Wannan dai nata ne."

Ta tashi ta jingina littafin a buɗe a bakin taga, kusa da tabarau ɗin uwarta. Hasken hantsi ya sauka a kan bishiyar, rabi kore, rabi fari.