Ranar da Na Zama Autar Mai Jan Biro

Ina tsakiyar ɗinka hannun riga sai matar Mai Jan Biro ta leƙo ɗakina, ta ce in taimaka in zo, ya sake tambayar Auta.

Mai Jan Biro muke ce masa a gidan hayarmu, don shekara talatin ya yi a maɗaba'a yana farautar kurakurai kafin a buga. Auta kuwa 'yarsa ce, ta rasu shekara shida da suka wuce ba sa ga maciji. Ta bar karatu ta kama aikin gyaran gashi, shi kuma ya rantse ba zai taka shagonta ba. Tun da ciwo ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, in ya gan ni sai ya ɗauka ita ce.

Na tarar da shi jingine da filo biyu, kwalaben magani jere a kan wani tsohon ƙamus. Ya riƙe hannuna, ya ce yatsuna sun yi kaushi. Sai ya shiga yi min darasi, yadda ya saba yi wa duk wanda ya zauna kusa da shi. Wai kalmar mistek da muke yawan faɗa, wato kuskure, Turawan ma aro ta suka yi daga wasu maƙwabtansu na arewa, kuma asalin ma'anarta ɗauka ba daidai ba. Mutum ya miƙa hannu ya ɗauko abin da ba shi ba.

"Ni girman kai na ɗauko, na bar ki," in ji shi. "Kuskuren takarda ana gyarawa kafin a buga. Wannan kuwa an riga an buga. Kin yafe min?"

Na dubi matarsa. Ban san ko ina da ikon yafe abin da ba ni aka yi wa ba. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta.

"Na yafe, Baba."

Ya lumshe ido, ya ce in dawo gobe in rage masa suma, ya ga aikin hannuna. Na ce to.

Washegari da hantsi na fito riƙe da almakashina na ɗinki da mataji, sai na ga takalma sun taru a ƙofarsa. Nan na gane ya cika. Na shiga, na zauna kusa da matarsa. An buɗe taga. A kan kujera, shayin da ta haɗa masa ya huce, cokali na ciki.