Turke na Ashirin da Huɗu

Ranar da za a tashi daga zango, maki biyu kacal ne tsakanin rukunin Kurege da rukunin Shaho, kuma Shaho ne a sama. Agogo, shugaban Kurege, ya haddace wannan lissafi fiye da lambar gidansu. Shekara uku yana zuwa gasar 'yan sikawut, shekara ukun nan Kurege ne ke zuwa na ƙarshe. Bana ce damarsa ta ƙarshe, domin baɗi shekarunsa sun wuce na shiga gasa, kuma ya ci alwashin sai ya ɗaga kofin nan ko sau ɗaya. An laƙaba masa Agogo ne saboda ko ruwa ka tsaya sha, sai ya duba tsintsiyar hannunsa ya faɗa maka daƙiƙa nawa ka ɓata.

Gwaji ɗaya ya rage, mai maki ashirin. Kowane rukuni zai kwashe tantinsa, ya mayar da wurin kamar ba a taɓa kwana a nan ba. Filin na aro ne, wata inuwar itatuwa a gefen gonar wani dattijo mai shanu. Alƙalin gasar, wanda yara ke kira Malam Usur saboda usur ɗinsa ba ya barin bakinsa sai zai ci abinci, ya gargaɗe su tun ranar farko. Ya ce duk wanda ya bar turken ƙarfe a ƙasa za a zabge masa maki biyar, domin turke ɗaya ya isa ya tsaga kofaton saniya.

A wannan gwaji Agogo ya zuba duk dabararsa. Tun ranar da suka sauka ya sa aka share busassun ganyen wurin aka tara gefe guda. Ƙasar da aka haƙo daga ramin murhu a buhu aka adana ta. Har duwatsun da suka kawar sai da ya sa aka jera su yadda za a gane na ina ne. Sauran rukunoni sun yi ta yi musu dariya, suna cewa Kurege sun zo ajiyar shara ne.

Da Malam Usur ya busa usur ɗin farawa, sai su shida suka hau aiki kamar an kunna inji. Suka sauke tanti, suka naɗe igiyoyi, suka watsa turaka cikin jaka. Wayo, mataimakin Agogo, ya ɗaga jakar ya ce, "Mu ƙirga tukuna?"

Ƙa'ida ke nan, ana ƙirga turaka, a ga sun cika ashirin da huɗu, kafin a rufe wuri. Agogo ya duba agogonsa, ya hango Shaho har sun fara naɗe nasu tantin.

"Minti huɗu zai ci mana. A bakin hanya ma ƙirga. Ku kawo ganye!"

Suka cike ramin murhu, suka take, suka mayar da kowane dutse gurbinsa. Suka watsa ganye, sannan suka ja da baya suna goge sawunsu da reshe har bakin hanya, inda motar da za ta kwashe su take tsaye. Agogo ya waiga ya dubi aikinsu, daɗi ya cika shi har yana jin kamar ya yi rawa. Itatuwa ne kawai da ganye, ko'ina iri ɗaya.

Ƙaninsa Ludayi, mai dafa wa rukunin abinci, shi ya zazzage jakar ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa. Sannan ya ɗago kai a hankali.

"Yaya, ashirin da uku ne."

"Ƙirga da kyau, kai da ko cokali ba ka iya ƙirgawa."

Agogo ya ƙirga da kansa, sau biyu. Ya kakkaɓe jakar, ya warware tantin, ya sa kowa ya juye aljihunsa. Aka samu igiya, ashana, da rabin burodi a aljihun Ludayi, amma babu turke.

"Ku zo mu koma mu ciro shi," in ji shi.

Suka ruga cikin itatuwan, sai kuma suka yi cirko-cirko. Wayo ya nuna wata bishiya ya ce a gindinta suka kwana. Wani ya rantse waccan mai karkataccen reshe ce. Suka duba, bishiyoyi huɗu ne masu karkataccen reshe. Kwana uku suna barci a wurin, ga shi sun gyara shi har su kansu sun kasa gane shi.

Wayo ya ja Agogo gefe, ya yi ƙasa da murya. "Ka ga, 'yan rukunin Zomo suna da ragowar turaka biyu, kuma shugabansu ɗan ajinmu ne. In karɓo ɗaya mu cike jaka. Wurin da mu ma ba mu gane ba, Malam zai gano turke a ciki?"

Gaskiya maganar ta shiga kunnen Agogo, ta kuma zauna. Babu wanda zai sani. Ya ga kansa riƙe da kofi a ƙofar gida, mahaifiyarsu tana cewa a ɗora shi bisa kabad. Yana cikin wannan tunani sai ya ji kukan saniya. Can bayan shinge shanun dattijon ne a tsaye, sun ɗora haɓa a kan itace, kwana uku an hana su inuwarsu. Wata ja mai ciki ta ƙura masa ido tana tuƙa. Dattijon na jingine da ƙyauren shingen, yana jiran su tafi ya buɗe.

"Wayo," in ji Agogo, "ni na hana a ƙirga. Bari in je in faɗa."

"Kofin fa?"

"Na sani. Kada ka ƙara tuna min, zan iya fasawa."

Malam Usur ya saurare shi bai katse shi ba. Ya cire usur daga bakinsa, abin da ya nuna maganar babba ce.

"To, madalla. Nuna min inda kuka kwana."

"Malam, ai matsalar ke nan."

"Kana nufin ka ɓatar da turke, ka kuma ɓatar da filin?"

"Haka ne, Malam."

Malam Usur ya ce shekararsa ashirin da bakwai yana wannan aiki, ba a taɓa ɓoye masa wurin murhu ba. Ya shiga cikin itatuwan da sandarsa, yana tona ganye, yana shinshina iska. Ya tsaya wani wuri ya ce nan ne, aka tona, sai saiwa. Ya koma wani, sai gidan gara. Yara suka fara ƙunshe dariya. Da ya ga haka, ya mayar da usur ya busa, ya ce babu mai shiga mota sai an ga turke.

Rukunoni huɗu suka jeru kafaɗa da kafaɗa, suka durƙusa suna lalube da hannu. Shugaban Shaho, wani dogo mai baki, yana rarrafe kusa da Agogo yana cewa, "Mu dai mun gode da kyautar maki biyar, Allah ya ƙara buɗi." Duk da haka shi ya fi kowa tona ganye da gaske. Suka ratsa filin sau biyu, babu komai sai wani tsohon murfin kwalba.

Nan Ludayi ya ɗaga hannu, yana sosa ƙeya.

"Malam, in na faɗi wani abu, ba za a rage mana maki ba?"

"Faɗi mu ji."

"Jiya da rana na ɗan zaga bayan tanti da gwangwanin sukari. Dubawa kawai na je yi, ko ya jiƙe. To sai na yi tuntuɓe da igiya, ya zube a gindin turken kusurwa. Na taka turken ya nutse, na rufe da ƙasa."

"Shi ya sa shayin safe ya zo salam!" in ji Wayo.

"Ku bar neman turke," in ji Malam Usur, yana danne dariya. "Ku nemo min tururuwa."

Ba a yi minti biyar ba shugaban Shaho ya yi ihu yana kakkaɓe gwiwa. Ga layin tururuwa nan baƙi ƙirin, ya ratsa ƙarƙashin ganye zuwa wani wuri da babu wanda ya taɓa nunawa. Agogo ya tona da yatsu, ya ji sanyin ƙarfe, ya ciro shi duk tururuwa. Filin ya kaure da tafi da fito. Dattijon ya matso ya karɓi turken, ya gwada tsininsa a tafin hannu, ya dubi jar saniyarsa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," ya ce wa Agogo.

"Amin, Baba. Laifina ne dama."

A bakin hanya aka karanta sakamako. Shaho sun bar toka a fili da guntun igiya a jikin reshe, suka sami sha shida. Malam Usur ya ce wurin Kurege bai taɓa ganin irinsa ba, ko kuma a ce bai gan shi ba sam, don haka ashirin cif, a cire biyar na turke. Agogo bai buƙaci takarda ba. Sun faɗi da maki uku, kuma da ya yi shiru da sun ci da biyu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har sai da ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Sannan ya miƙe ya tafa wa Shaho tare da kowa.

Ana loda kaya dattijon ya buɗe ƙyaure. Shanun suka kwarara cikin inuwa, jar ta nufi daidai inda tururuwan suke ta kwanta abinta. Agogo ya ɗauki jakar turaka ya miƙa wa Wayo, domin shi zai karɓi rukunin baɗi.

Direba ya danna oda, Malam Usur ya busa usur, yara na ta kiran su daga taga. Wayo ya tsuguna a bakin ƙofar motar, ya zazzage jakar a ƙasa, ya fara ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, ku taho mana! Agogo, gaya masa minti nawa ya ɓata!" in ji Ludayi.

Agogo ya tusa hannunsa cikin aljihu, ya tsaya a kan Wayo har ya kai ashirin da huɗu.