Tagar Haske a Rufin Ɗakin Shanu

Tagar hasken da ke rufin ɗakin shanu ta tsage tun ƙarshen rani. Farin kwanon roba ne da ake sakawa tsakanin kwanukan rufi don rana ta shigo, amma shekaru sun cinye shi har ya koma kamar busasshen ganye. Yaya, wadda gonar ke hannunta tun rasuwar mahaifinsu, ta kira wani tsohon kafinta da ake wa laƙabi da Sannu-Sannu.

Ya zo ya tsaya a cikin ɗakin shanun, ya daɗe yana kallon sama. Ya ce shi ba zai taka rufin nan ba, daga ƙasa zai yi aikin a kan dandamalin katako. A fitar da shanu, a kuma ɗaura raga ƙarƙashin ƙarafan rufin, don tsautsayi ba ya sallama. Safiya guda ya ɓata yana ɗaure ragar, yana jijjiga kowane ƙulli. Auta, ƙanin Yaya, magidanci ne da 'ya'yansa, amma har yau bai iya zama wuri ɗaya ba. Ya ce da wannan tafiyar hawainiyar sai shanun sun haihu kafin a buga ƙusa ɗaya. Yaya ta yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba.

Da rana ta karkata hadari ya haɗo. Iska ta ɗauke ɗif, shanun da ke waje suka cure wuri guda suna kallon ginin. Kafinta ya tafi bakin hanya inda mota ta sauke masa sauran katako. Yaya na ciki tana janye buhunan dusa daga inda ruwa zai zuba, sai ta ji an jingina tsani da bango. Can kuma ta ji takun mutum a bisa kanta.

Ta san takun. Ta kira shi, ya amsa daga sama cewa tamfol kawai zai shimfiɗa a kan tsagar kafin ruwa ya sauko, ai yana ganin tagar, ba yaro ba ne shi. Kwano na lotsawa ƙarƙashinsa, ƙura na zubo mata a fuska. Tana bin takun da ido sai ta lura da wani wuri tsakaninsa da tagar, inda duhun rufin bai kai na sauran ba, wani ja-ja kamar hasken da ke ratsa tafin hannu. Wata tagar ce, an shafe ta da fenti tun zamanin mahaifinsu. Daga sama ba ta da maraba da kwano. Inuwar ƙafarsa ta faɗo a kanta.

"Auta, tsaya nan. Kar ka ƙara taku."

Ko bai ji ba ne, ko ya riga ya saki nauyinsa, ba ta sani ba. Ƙarar ba ta da girma, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Ya faɗo tare da ɓaraguzan roba, ragar ta lotsa da shi har ƙarafan suka yi kuka, sannan ta riƙe. Yana reto a sama da kan Yaya, ƙasa kuwa tsurar siminti.

Kafinta ya shigo da gudu irin na tsofaffi. Ya ce wa Auta kada ya motsa, ya kafa tsani, ya sauko da shi a hankali. Roba ta yanke shi a ƙwauri, jini na bin takalminsa. Yana zaune a kan buhun dusa Yaya na ɗaure masa ciwon da mayafinta, ya roƙe ta a hankali kada ta gaya wa uwar yaransa.

Kafin ruwa ya sauko, tsohon ya rufe ƙofofin ginin don duhu ya cika, ya bi tsawon rufin da ido yana nunawa da sanda. Akwai wata tagar mai fenti a kusurwa, akwai wata kuma daf da inda Auta ya jingina tsani. Ta gefenta ya wuce lokacin da ya hau, tazarar bai fi tafin hannu ba.